Madubin da Adda Dija ta rataya a ajina

Adda Dija ta rasu.

Na rubuta na goge, na sake rubutawa, har yanzu hannuna bai yarda ba.

Da safen nan ina tsugune ina wankin kayan makarantar yarana, tunda jibi Litinin ake komawa, sai wayata ta yi ƙara. Nana ce, babbar 'yarta. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Anti Habiba, Dada ya tafi. Bayan asuba." Dada suke ce wa mahaifiyarsu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne, Ya karɓi abinSa.

Abin da na fara yi bayan na ajiye wayar kunya nake ji in faɗa, amma zan faɗa. Waigawa na yi na kalli ƙofar gida. Ba kowa, akuyar maƙwabta ce kawai take leƙe. Rabon da in yi irin wannan waigen har na manta.

An kai ta makwancinta bayan azahar. Yanzu na dawo daga gidanta a unguwar Adarawo, ko mayafi ban cire ba.

Waɗanda suka yi firamare a wajenta a unguwar Gwadabawa da ke nan Jimeta sun san ta da Malama Khadija, mai aji biyar, mai fensir a maƙale a ɗankwali. Ni Adda nake ce mata, yadda Fulani ke kiran yaya, kuma ba don ladabi kawai ba.

Na san mutane da yawa za su rubuta kirkinta, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni labari ɗaya zan ba ku. Ban taɓa gaya wa kowa shi ba, mijina ma rabi ya sani.

Ni ba 'yar Yola ba ce, gudu ne ya kawo ni.

Shekarar da mutanen daji suka shiga garuruwanmu na wajen Mubi, ina koyarwa a wata firamare. Ranar ina tsaye ina rubuta kwanan wata a allo, na ba ƙofa baya. 'Yan aji uku ne, masu surutun tsiya. Sai na ji sun yi shiru.

Duk malami ya san irin shirun da yara ke yi in hedimasta ya shigo. Wannan ba irinsa ba ne.

Na juya. Samari biyu ne a bakin ƙofa da bindigogi, ɗaya ko gemu bai fara ba. Ba su harbi kowa ba, cewa suka yi mu fita, muka fita. Abin da ya biyo baya ba na rubutawa a nan ba ne. Kwana da kwanaki muna tafiya a ƙafa, ta dutse ta gona, kafin muka tsallako gadar Jimeta a bayan motar shanu. Akwai yara a ajin nan da har yau ban san inda suke ba, kuma ina iya jero sunayensu yadda suke a rajista.

Waɗanda ke garin nan a lokacin sun tuna yadda Jimeta ta cika ta batse. Kowane gida da baƙi. Ana laluben jaka a ƙofar masallaci, ƙofar coci, ƙofar kasuwa. Tayar mota ta fashe, kafin ka ƙifta ido titi ya watse.

Na sauka wajen ƙanwar babana a Gwadabawa. Makarantar unguwar ta karɓi yaran da suka gudo har azuzuwa suka ƙi ɗauka, sai aka share wani tsohon sito aka zuba bencuna. Ƙofa ɗaya ce a baya, tagogi biyu ƙanana can sama, allo kuma an shafa shi a bangon da ke kallon ƙofar. Hedimasta ya ce tunda ni malama ce, kuma daga can na fito, ni zan riƙe su.

Na karɓa. Gida ya tafi, kaya sun tafi, takarduna ma sai daga baya aka sake min su. Koyarwa ce kaɗai ta rage min. In na kasa tsayawa gaban aji, ban san me zan zama ba.

Sai na yi dabara. Nakan zo kafin kowa in cika allo tun daga sama har ƙasa. In yara sun shigo sai in fuskance su, idona a kan ƙofa, har a tashi. Ko alli ya faɗi bayana ba na juyawa.

Bango ɗaya ya raba ajina da na Adda.

Ranar farko ta leƙo da kwanon dakkere da kindirmo. Ta gaishe ni da Fulatanci ta ce, "Jam na? Ke ne baƙuwan? Zo ki ci, ba a koyarwa da yunwa."

Sati na biyu ta kawo min riga da zane kala biyu, wai tela ya ɓata mata, sun yi mata kaɗan. Adda ta ninka ni a jiki. Babu telan da zai yi irin wannan kuskure sai in makaho ne. Na karɓa na yi godiya, ta ce in gode wa telan.

Ba ta taɓa tambayata me ya faru a can ba.

Matsalar ita ce yaran ba sa koyo. Ina shirya lesson note ɗina tsaf da biro, mataki na ɗaya, mataki na biyu, hedimasta ya sa hannu da jan biro ya yaba. Amma ka tambayi yaro abin da aka yi ɗazu, sai ya zuba maka ido. Na ce yunwa ce. Na ce Turanci ne ba sa ji. A raina har na ce ƙwaƙwalwarsu ta zauna a can tare da gidajensu, Allah Ya yafe min.

A lokacin ƙungiyoyi sun cika garin nan, kowa da bitarsa. Aka tura Adda wata ta kwana uku. Ta dawo tana dariya.

Ta ce, "Wai sunansa design thinking. Bature ya gano mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya sa masa suna, ya ba mu shayi."

Dariya dai ta yi, amma ta riƙe abin da hannu biyu. Yadda ta bayyana min shi ne, kafin ki tsara darasi, je ki zauna inda yaro yake zama ki ga abin da yake gani. Ki tambaye shi. Ki gano ainihin abin da ke damunsa, ba wanda kika zata ba. Ki kawo dabaru ko goma ne, har da na wauta. Ki gwada ɗaya da abu mai araha. In bai yi ba ki goge ki sake.

Tun daga nan ta daina rubuta darasi da biro. Takan ce, "Biro na wanda ya gama ne. Ni ban gama ba." Ni kuwa ta laƙaba min Malama Biro, sunan ya bi ni har yau.

Wani sufeto ya taɓa zuwa ya ƙi sa hannu a littafinta, wai aikin gwamnati ba a yin sa da fensir. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka dawo Jumma'a. In yara sun gane, zan bi kai da biro." Bai dawo ba, ita ma ba ta bi ba.

To wata Litinin sai ta shigo ajina a lokacin da ba ta da darasi, ta wuce bencin ƙarshe ta zauna. Mace mai jiki a bencin 'yan firamare, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, yara sai ƙunshe dariya suke. Tana riƙe da wani ƙaramin littafi tana ɗan rubutu. Kwana uku tana haka. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni, a zatona kurakuraina take tarawa.

Rana ta uku ta ja ni gefe ta ce, "Minyam, yaranki ba allo suke kallo ba. Ki lura da wuyansu." Minyam ƙanwata ke nan, haka take kirana in ba tsokana take ji ba.

Na lura. Kowane ɗan lokaci sai wani ya waiga. Kaza ta gifta, a waiga. Takun wani ya wuce, rabin aji ya waiga. Abin yana gabana kullum, ban gani ba, don ni ma idona yana can.

Lokacin tara ta kira wata yarinya mai suna Ladi, ta ba ta gyaɗa, suka zauna ƙarƙashin darbejiya. Ta tambaye ta me take dubawa a baya.

Ladi ta ce, "Anti, in sun zo, ta baya ne za su zo."

Ina tsaye kusa ina ji. Na dafa bishiyar.

Adda ta karɓi lesson note ɗina, a wajen da ake rubuta manufar darasi ta rubuta da fensir, a kan birona: "Yaya za a yi yaro ya ga allo ba tare da ya ba ƙofa baya ba?" Ta ce wannan ne darasinmu na satin, lissafi ya jira.

Muka fara gwaji.

Na farko, muka rufe ƙofar. Ku da kuka san zafin Yola kun san abin da muka jawo wa kanmu. Ga duhu. Yara biyu suka fashe da kuka, ɗaya ya jiƙa wandonsa. Ta goge.

Na biyu, muka roƙi Baba maigadi ya zauna a bakin ƙofa. Dattijo ne mai kirki, amma duk motsin da ya yi sai inuwarsa ta faɗo cikin aji. Ya fi na farko muni. Ta goge.

Na uku yaran ne suka kawo da kansu. Ta raba musu kwalayen ashana da guntayen kwali ta ce kowane rukuni ya gina ajin yadda yake so. Kusan dukkansu sun jera bencunansu suna kallon ƙofa.

Ran Asabar muka zo muka juya bencuna. Ta samo falankin katako, muka shafe shi da gawayin tsohon batir, muka jingine a gefen ƙofa ya zama allo.

Ya yi aiki. Cikin sati biyu wuya ya zauna. Ladi ta karanta jimla guda ba ta tsaya ba. Hedimasta har baƙi yake kawowa su ga ajin da aka juya.

Amma ku duba da kanku. In yara suna kallon ƙofa, malamar da ke fuskantarsu me ta ba wa baya?

Ƙofar tana bayana tun safe har a tashi.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ba ni da wajen gudu. Gumi ya riƙa bin bayana ko da safe. Alli yana karyewa a hannuna. In aji ya yi shiru don suna rubutu, sai numfashina ya tsaya, in riƙa karanta idanunsu ko sun ga wani ya shigo. Nakan sa su maimaita abu da ƙarfi ba gaira ba dalili, don dai kada a yi shiru.

Wata rana iska ta bugo ƙofar. Na tsinci kaina a tsugune bayan benci, yara suna kallona. Na ce musu alli ne ya faɗi.

Ban gaya wa kowa ba. Da wane baki zan ce a mayar da yara cikin tsoro don ni in samu sauƙi? Na zauna na rubuta takardar ajiye aiki, da biro, na sa a jaka. Na ce Jumma'a zan miƙa, abin da zai faru ya faru.

Ran Laraba sai ga Adda ta sauko daga keke Napep da wani dogon abu a naɗe cikin zane. Madubi ne irin na shagon tela, kusurwa ɗaya ta ɗan tsage. Ta ce wata ƙawarta, Madam Uche mai ɗinki a kasuwar Jimeta, ta yi sabo ta ba ta tsohon.

Ta ce, "Yaran nan su riƙa duba kansu da safe. Tsafta ma darasi ne."

Ta sa Baba maigadi ya kafa ƙusa a bangon tsohon allo, wato bayan yara. Ita kuma ta je ta tsaya daidai inda nake tsayawa tana ba da umarni. Ɗaga kaɗan. Karkata hagu. A'a, ya yi yawa, dawo. Na ce a raina matar nan da tsirfa take, yaron da zai duba fuskarsa me ya kai madubi can sama?

Washegari na tsaya gaban aji, na ɗaga ido, sai ga ƙofa. Dukkanta, har da darbejiyar da ke waje, tana cikin madubi a saman kawunan yara.

Na yi darasin nan har ƙarshe. Takardar ba ta fita daga jaka ba.

Kuma wallahi na ɗauka dace ne. Na ɗauka sirri ne tsakanina da madubi.

Shekaru suka tafi. Wasu yaran suka koma garuruwansu, wasu suka zama 'yan Jimeta. Ladi yanzu aikin jinya take koyo. A shekarun farko an gina sababbin azuzuwa, sau biyu ana cewa in koma can ina ƙi. Har yabona ake wai ba ni da kwaɗayi. Madubi nake gadi.

Duk Alhamis bayan an tashi, ni da Adda mukan zauna mu tsara darussan mako. Ta mayar da ni 'yar fensir ƙarfi da yaji, amma ba ta janye sunan ba. In na kawo mata tsari mai kyau ina jiran yabo, tambayarta ɗaya ce: "Kin zauna a bencinsu?"

Kuma duk ranar da ajina ya yi shiru da yawa, sai in ji muryarta ta bango tana yi wa 'yan aji biyar faɗa da Fulatanci, zuciyata ta kwanta.

Ciwon ya kwantar da ita ne a cikin dogon hutun nan. Alhamis ɗin makon jiya na je duba ta a Adarawo. Ta rame har sai da na kau da kai, amma baki yana nan.

Ta ce, "Malama Biro, lesson note kika kawo ko gulma?"

Na ce mata hedimasta ya kira ni. An kawo sababbin yara daga ƙauyukan arewacin jihar nan, kun dai ji labaran da ke fitowa, kuma ajina za a sa su.

Ta ce, "Kin zauna a bencinsu?"

Na ce Adda, ko komawa ba a yi ba.

Ta ce, "To kar ki ce irin na da ne. Tsoron kowa da kalansa. Tambaye su."

Sai ta ce wa Nana ta jawo abin da ke ƙarƙashin gado. Nana ta jawo. Zanen nan ne dai, da abin da ke cikinsa.

Madubin ne.

Ta ce, "Yaushe rabonki da shi?"

Sai a lokacin na tuna. Shekara uku da suka wuce an yi wa makaranta fenti, aka sauke komai daga bango. Na tambaya sau ɗaya, ta ce yana ofis, za a mayar. Daga nan jarrabawa ta zo, hutu ya zo, ɗana ya yi rashin lafiya. Ban sake tambaya ba.

Na ce, "Ke kika ɗauke?"

Ta ce, "Gwaji ne. Abin da aka sa, sai an cire a gani ko har yanzu ana bukatansa."

Na ce, "Adda, dama kin sani?"

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "Minyam, kwana uku na yi a bencin nan. Kin ɗauka yara kawai na kalla? Malama ya cika allo tun makaranta ba kowa, ba ya juya baya ko alli ya faɗi. Ranan da muka juya benci na san na gyara wa yara, na ɓata miki. Laifina ne. Sati uku ina neman dabara."

Na ce me ya hana ta tambaye ni, ita da kullum take cewa a tambaya.

Ta ce, "Da na tambaya me za ki ce?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ta ce, "To."

Na yi kuka sosai. Ta bar ni na yi, sannan ta ce kar in jiƙa mata katifa. Ta zaro ƙaramin littafin nan daga ƙarƙashin filo ta ba ni, ta ce in karanta in na samu lokaci, madubin kuma nawa ne in ina so.

Na ce zan dawo in ɗauka. Gaskiya kunya ce ta hana ni.

Da zan fita na ce, "Sai Alhamis." Ta ce, "In Allah Ya yarda. Ki zo da fensir mai kyau, naki na wancan karon yana yaga takarda."

Shekaranjiya Alhamis tana asibiti. Nana ta ce ba ta gane mutane sosai, in bari ta ɗan farfaɗo. Na bari.

Littafin kuwa ban buɗe shi ba sai yau da safe, bayan wayar Nana, kafin in fita. Tsoronsa nake ji.

Rabin farko na yara ne. Wa ya waiga, me aka gwada, me aka goge. Sai wani shafi da ta rubuta H a samansa.

"Ba ta juya baya."

"Alli ya karye sau huɗu yau."

"Tana sa su ihu don kada a yi shiru."

"Akwai takarda a jakarta, tana yawan taɓa ta."

"Madubi. Ta ɗaga ido. Ta gama darasi."

Can gaba kuma, fensirin ya sake kala, rubutun ya ɗan girgiza.

"An cire. Ta tambaya."

"Wata ɗaya, ba ta sake tambaya ba."

"Zango ɗaya."

"Shekara."

Duk da fensir. Sai layin ƙarshe, shi kaɗai da shuɗin biro: "Habiba ta tsaya da ƙafarta."

Tun ranar da ta dawo daga bitar nan ban taɓa ganin ta rubuta abin da ya shafi aji da biro ba.

Adda, ki yi haƙuri, yau ni ce zan duba aikinki. Gwajinki akwai gyara. Kin cire madubi, amma ba ki cire kanki ba. Duk shekaru ukun nan kina bayan bango kina faɗa da 'yan aji biyar. Ban san ko da ƙafata na tsaya ba, ko jingine nake da bangon nan ban sani ba.

Jibi zan shiga sito. Sababbin yara za su zauna suna kallon ƙofa, ni in ba ta baya. Za su sunkuya su yi rubutu, aji ya yi shiru, bango ma ya yi shiru.

Ina tsoro. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji irin wanda na ɗauka na rabu da shi. Tun safe na waiga ya fi a ƙirga. A gidan rasuwar ma sai da na sake wajen zama don in riƙa ganin zaure. Ina tsoron in sake tsintar kaina a tsugune bayan benci, ga yara da suka gudo jiya-jiya suna kallon malamarsu. Ina tsoron in kasa, kuma babu mai saukowa daga keke ran Laraba.

Madam Uche ta zo gaisuwa. Ta tsufa, da sanda take tafiya. Ta zauna cikinmu a tabarma tana share hawaye. Da ta ji sunana sai ta kama hannuna ta ce, "Na you? Ke ne? Wannan mata, sau uku ya zo shagona yana auna madubi da igiya. Na ce Madam, wetin? Ya ce akwai ƙanwanta yana bukata ido a ƙeya. Ni ba ni da sabo fa. Nawa ne na cire na ba shi. Wata biyu customer yana duba kansa a gilashin taga."

Na riƙe hannunta.

Da zan tafi Nana ta biyo ni zaure. Ta ce, "Anti, madubinki yana nan. A sa miki a keke?"

Raina yana cewa ki ɗauka, wa zai gan ki.

Na ce, "Ki ajiye min shi zuwa Talata."

Litinin zan gwada haka nan. Zan je da wuri, amma ba don in cika allo ba. Bencin ƙarshe zan wuce in zauna, in ga abin da yaran nan za su gani, in sun zo kuma in tambaye su. Na fiƙe sabon fensir, wanda ba ya yaga takarda.

In bai yi ba, Talata zan je in ɗauko madubi, kuma ba zan ji kunya ba, don ita ta koya min a goge a sake. Amma layi ɗaya tak matar nan ta rubuta da biro, kuma sunana ne a ciki. Ba na so ni in zama dalilin da za a soke shi.

Ya Allah, baiwarKa Khadija ta zo gare Ka. Ta tsare mana baya a lokacin da muke tsoron abin da ke bayanmu, ba ta taɓa goranta mana ba. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwancinta, Ka haskaka shi. Ka cire mata tsoro a ranar da kowa zai ji tsoro. Ka ba Nana da ƙannenta haƙuri. Yaran da ban san inda suke ba, Ka san inda suke, Ka kula da su.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kar ya wuce haka kawai. Ya tsaya ya yi mata addu'a, Musulmi da Kirista, kowa yadda ya iya, don ba ta taɓa tambayar yaro addininsa kafin ta zauna a bencinsa ba.

In kuma kun tuna, jibi Litinin da ƙarfe takwas, ku sa ni a ciki.